Gajiyar Tsoho da Ladan Ɗawafi

Tsofaffin mahajjata da yawa sukan ƙi hawa keke a lokacin ɗawafi da sa'ayi saboda tsoron kada ladansu ya ragu, domin an saba jin cewa gwargwadon wahalar mutum gwargwadon sakamakonsa. Aikin kuwa ba ƙarami ba ne, tunda sa'ayi kaɗai, wato kai-komo sau bakwai tsakanin Safa da Marwa, ya kai kimanin kilomita 3, kuma wanda cunkoso ya tura zuwa benen Masallacin Harami zagayensa ya fi na ƙasa tsawo nesa ba kusa ba.

Malaman fiƙihu sun daɗe da tattauna wannan mas'ala. Ya tabbata cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi ɗawafi a kan raƙumi a Hajjin Bankwana, shekara ta 10 bayan hijira, kuma da Ummu Salama ta kai masa kukan rashin lafiya ya umurce ta da ta yi nata a kan abin hawa ta bayan mutane. Shafi'awa sun fahimci cewa hawa ya halatta ko da babu uzuri, sai dai tafiya da ƙafa ta fi falala, yayin da Malikawa suka wajabta tafiya ga mai iko, har suka ce idan ya hau ba da uzuri ba sai ya sake, in kuma ya riga ya koma gida sai ya yi hadaya, wato yankan da ke cike gurbin wajibin da aka bari. Wanda ya gaza kuwa, babu komai a kansa a wurin kowa. Imam Shaɗibi, malamin Andalus da ya rasu a 1388, ya bayyana a littafinsa Almuwafaƙat cewa shari'a ba ta nufin wahala don kanta, saboda haka bawa ibadar zai nufa, wahalar da ta zo a hanya kuma a ba shi ladan haƙurinta.

Daga nan ne mas'alar ke shiga hannun maƙera da injiniyoyi, domin mafi yawan tsofaffi suna tsakanin mai iko da gajiyayye: dattijo yakan yi zagaye uku ko huɗu da ƙafarsa, sa'an nan gwiwa ta fara rawa, numfashi ya yi sama. Keken turawa na ƙarfe da aka saba gani yana ɗaukar irin wannan mutum tamkar wanda ba ya iya taku ko ɗaya, yana kuma buƙatar mai turi, wanda sau da yawa sai an biya shi. Abin da ya dace da shi ya fi kama da madogarin nan mai taya huɗu da wata mata 'yar ƙasar Sweden, Aina Wifalk, ta ƙirƙira a 1978, bayan ta sha fama da shan-inna, ta kuma ƙi mallake haƙƙin ƙirarsa don kowa ya amfana. Mutum yana tafe yana dafe da shi, birki a ƙarƙashin yatsunsa, idan ya gaji ya juya ya zauna a kan mazaunin da ke tsakiya. Idan aka ƙera irinsa da alminiyam, aka ƙara masa matakin ƙafa da mariƙin turawa, aka yi shi mai naɗewa yadda jika zai rataya shi ya shiga mota, to tsoho zai taka iya ƙarfinsa, a tura shi iya gazawarsa, wanda shi ne ainihin abin da ƙaulin Malikawa ke nema.

Lamarin ya wuce batun jin daɗi, ganin cewa a hajjin 2024 hukumomin Saudiyya sun sanar da rasuwar mutum 1,301, akasarinsu waɗanda suka yi doguwar tafiya cikin zafin rana, kuma akwai tsofaffi da masu daɗaɗɗen ciwo a cikinsu. Imam Gazali ya lissafa sana'o'in da al'umma ba ta wadatuwa da barinsu cikin farillan kifaya, wato wajibin da idan wasu suka yi ya sauka daga kan saura, kuma ƙera abin da zai kare ran tsoho da mutuncinsa a wurin ibada ya cancanci shiga wannan babi. Ya kamata malamai masu bitar alhazai su fayyace wa dattawa cewa zama a keke lokacin gajiya ba ya tauye hajji, hukumomin alhazai kuma su sa irin wannan madogari cikin guzurin duk tsohon da zai tafi.