Ɓoye Wari: Sutura ce ko Yaudara?

Gabatarwa

Harshen Hausa bai yi wa hanci rowar kalmomi ba. Akwai ƙamshi na turare, da ƙauri na abin da ya ƙone, da ƙarni na kifi ko jini, da zarni na fitsari, da ɗoyi na mushe. Wannan yalwa tana nuna cewa Bahaushe ya daɗe da ɗaukar hanci a matsayin mai ba da shaida. Ido ba ya gani sai an buɗe ƙofa, kunne ba ya ji sai an yi motsi, amma hanci yakan samo labarin ɗaki ko da an sa masa sakata.

A wannan maƙala za mu dubi wata ɗabi'a da ke tsakanin wasu masu zuƙar tabar wiwi a cikin ɗaki, wato harhaɗa ’yan tarkace na gida domin kashe warin hayaƙinta. Wani kwali yake naɗewa, wani gorar roba yake cusa wa tsumma mai turare, wani kuwa ƙasan ƙofa yake toshewa sa'annan ya bi ɗakin da turaren wuta. Yadda ake haɗa su bai dame mu ba. Tambayarmu ita ce: wanda ya zauna ya ƙera abin ɓoye wari, mai kunya ne da ke suturta kansa, ko kuwa mayaudari ne da ke cin amanar waɗanda ke kusa da shi?

Girman Al'amarin

Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta gudanar tare da Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi, wanda aka fitar a farkon 2019, ya ƙiyasta cewa ’yan Nijeriya miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi amfani da kayan maye a shekarar da ta gabaci binciken. Daga cikinsu miliyan 10.6 wiwi suka sha. Doka kuwa ta daɗe tana fafatawa da ganyen. Dokar soja ta 1966 ta tanadi har hukuncin kisa ga mai noma shi, kafin a sassauta ta a 1975. A 1989 aka kafa Hukumar NDLEA, kuma har gobe mallakar wiwi ko shanta laifi ne mai kai mutum gidan yari.

Lafiya ba ta tsira daga wannan ba, domin kuwa masu iya magana sun ce abin da ya ci Doma ba ya barin Awai, mu kuma ga mu maƙwabtan su biyun. Tun da garin ya zama babban birnin Jihar Nasarawa a ranar 1 ga Oktoba, 1996, sa'annan aka kafa jami'ar tarayya a 2011, gidajen haya suka yawaita. Ɗaki na kallon ɗaki, bango ɗaya ke raba ɗalibi da magidanci, taga ɗaya ke shayar da mutum uku ko huɗu iska. A irin wannan zama, hayaƙin mutum ɗaya rabon kowa ne.

Hujjar Mai Ɓoyewa

Adalci ne mu fara sauraron mai ɓoyewa, don yana da abin faɗa. Zai ce mana ya fi mai bankawa a bakin titi. Zai ce bai koya wa yaro ba, bai tsone wa dattijo ido ba, bai dami maƙwabci ba. Idan mai ilimi ne, zai kawo hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito daga Abu Huraira, wanda ke nuna cewa ana sa ran afuwa ga mai saɓo matuƙar bai zama mai tallata saɓonsa ba. Zai ƙara da cewa kunya tana cikin siffofin da A. H. M. Kirk-Greene ya lissafa a nazarinsa na 1974 a kan mutumin kirki a wurin Bahaushe, tare da gaskiya da amana da mutunci.

Wannan hujja ba ta banza ba ce. Wanda ke jin nauyin a gan shi yana da sauran abin da za a kama a jawo shi da shi. Mawaƙi Fela Anikulapo-Kuti ya yi suna wajen zuƙar wiwi a bainar jama'a, kuma har a 1997, shekarar da ya rasu, hukuma ta kama shi a kanta. Duk abin da mutum zai ce game da kiɗansa da gwagwarmayarsa, wanda ya mai da abu tuta ya wuce matakin jin kunyarsa. Saboda haka mun yarda cewa tsakanin mai ɓoyewa da mai tallatawa akwai tazara.

Abin da Wari Ke Faɗa

Sai dai kafin mu sallami mai ɓoyewa, bari mu tambayi abin da yake ɓoyewa. Warin wiwi yana fitowa ne daga wasu sinadarai masu saurin bin iska da ke cikin ganyen. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2021 ya nuna cewa mafi ƙarfinsu dangin farar wuta ne, masu kama da waɗanda ke ba tafarnuwa warinta. Amma hayaƙi ya ƙunshi abin da ya fi wari yawa. Akwai ƙananan ɓurɓushi da ido ba ya gani, masu kutsawa can cikin huhu, akwai iskar guba irin wadda gawayi ke fitarwa, akwai kuma sinadarin da ke sa maye. Turare yana rinjayar hanci ne kawai, ba ya kwashe ko ɗaya daga cikin waɗannan. Hasali ma turaren wuta ƙarin hayaƙi ne a kan hayaƙi. A 2015 masana a Jami'ar Johns Hopkins sun zaunar da waɗanda ba sa sha tare da masu sha a rufaffen ɗaki na tsawon sa'a ɗaya, aka kuwa sami sinadarin mayen a jininsu da fitsarinsu.

Ashe ke nan wari ɗan aike ne. Shi ke gaya wa mai ciwon asma ya fita, shi ke gaya wa mai juna biyu ta buɗe taga, shi ke gaya wa uwa cewa ɗanta ya shiga wani hali. Wanda ya toshe ƙofa ya kashe wari ya kama ɗan aike ya ɗaure, alhali saƙon cutar yana nan yana isa inda za shi. Addini ya umarci wanda ya ci ɗanyar albasa ko tafarnuwa ya nisanci masallaci don kada ya cutar da jama'a, ga shi kuwa halal ya ci. A can warin shi ne dukkan cutar, don haka gusar da shi ya wadatar. A nan kuwa warin shi ne mafi sauƙin cutar.

Daɗin daɗawa, hancin mai sha yakan saba da warin har ya daina jin sa, alhali ya kama labule da katifa da tufafi. Sau da yawa mutum ɗaya tak dabarar ke ruɗa, wato mai ita.

Tsakanin Sutura da Tanadi

A nan ne muke ganin bakin zaren yake. Sutura tana duban baya: mutum ya faɗi, ya ji kunya, ya rufa wa kansa asiri yana fatan kada ya koma. Ƙera abin ɓoye wari kuwa gaba yake duba. Mai yin sa yakan nemo kayan, ya gwada, ya gyara, ya adana a ƙarƙashin gado saboda gobe da jibi. Wannan tanadi ne, kuma ba a yi wa abin da ake shirin bari tanadi. Kunyar da ta kamata ta zama linzami sai ta koma sirdi, ta sa hawan ya ƙara daɗi.

Aflaton ya kawo labarin wani makiyayi mai suna Gaijis, wanda ya tsinci zoben da ke ɓatar da mai shi daga idon mutane, irin abin da mu muke kira layar zana. Da ya tabbata ba mai ganin sa, sai ya kashe sarki ya gaje gadonsa. Tambayar da labarin ya bari ita ce ko mutum yana kyautata hali ne don kyan halin, ko don tsoron ido. Gorar roba mai tsumma ƙaramar layar zana ce. Tana cire wa mutum birki na ƙarshe da ya rage masa, wato sanin cewa wani zai ji.

Sa'annan mu tambaya: wa ake ɓoye wa? Jami'in NDLEA ba ya kwana a ɗakin. Waɗanda ake ɓoye wa su ne uwa, da mata, da abokin kwana, da mai gidan haya, wato masu haƙƙin sani, domin huhunsu ko zuciyarsu ko dukiyarsu na cikin lamarin. Abokin ɗakin da bai sani ba an hana shi zaɓin tashi, kuma ranar da aka yi samame da shi za a tafi. Wannan cin amana ne, ko da mai yin sa ya kira shi kara.

Wani zai ce ai Uruguwai ta halatta wiwi a 2013, Kanada a 2018, kuma a wannan shekarar kotun tsarin mulki ta Afirka ta Kudu ta ƙyale baligi ya sha a keɓe. Haka ne. Amma ko a Kanada masu gidajen haya da yawa suna hana busa hayaƙi a cikin gini. Doka tana iya canzawa daga ƙasa zuwa ƙasa, haƙƙin maƙwabci a kan iskar da yake shaƙa kuwa yana nan inda yake.

Namu Kason

Ba za mu ɗora wa matashi laifin duka mu kaɗe riga ba. Mutum yana koyon ɓoyo ne a inda bayyana ke nufin halaka. Idan abin da ke jiran yaro shi ne kora daga gida, da kora daga makaranta, da tambarin ɗan wiwi har ranar neman aurensa, to mun koya masa cewa gara ya gyara wari da ya nemi magani. Binciken 2019 ya nuna cewa ɗaya daga cikin kowane mutum biyar masu amfani da kayan maye ya kai matsayin mai buƙatar jiyya. Irin wannan ba ya warkewa da tsawa.

Haka kuma ba a ce mu bi ƙofofi muna sunsune ba, domin Suratul Hujurati ta hana bin diddigin asirin mutane. Amma idan wari ya zo ya same mu har inda muke, ya zama amana a wuyanmu. Malami ko uba ko aboki sai ya kira mai abin a keɓe, ya faɗa masa gaskiya ba tare da tozarci ba, ya raka shi wurin likita ko masu ba da shawara, waɗanda ita kanta NDLEA tana da sashensu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Kammalawa

Mun ga cewa mai ɓoye wari ya fi mai tallatawa ta fuska ɗaya, wato yana da sauran kunya. Mun kuma ga cewa dabararsa ba ta kare kowa daga cuta, tana tauye haƙƙin na kusa da shi, tana kuma share masa hanyar zarcewa. Amsarmu ke nan: abin ya faro daga kunya, ya ƙare a yaudara. Suturar gaskiya aikin mutum biyu ce. Mai laifi ya bar abin, ko ya nemi a taimake shi ya bari, mu kuma mu riƙe asirinsa yadda za mu so a riƙe namu.