Shaidar Zur Cikin Farar Riga

Idan aka tsinci gawa ana zargin guba, ko aka kama mutum da farin gari a aljihu, alƙali ba shi da idon da zai duba jini ko hanta. Dole ya dogara da takardar da ta fito daga ɗakin gwaji, mai ɗauke da sa hannun babban jami'in bincike. Sa hannun nan shaida ce, nauyinta ɗaya da wadda ake bayarwa bayan rantsuwa. Duk wanda ya rattaba hannu kan sakamakon da bai tabbatar ba, ya yi shaidar zur, ko da ƙafarsa ba ta taɓa taka kotu ba.

Aikin yana da ƙa'idarsa. Gwajin farko na share fage ne, kuma yakan yi kuskure: maganin mura na iya bayyana tamkar ƙwaya mai sa maye. Shi ya sa ake maimaitawa da na'urar da ke rarrabe sinadarai ɗaya bayan ɗaya. Kowace kwalba kuma tana tafiya da takardar da ke nuna hannayen da ta ratsa. Wannan duka yana cin lokaci, a nan ne kuma ha'inci ke samun ƙofa.

A birnin Boston na Amurka, wata ma'aikaciya mai suna Annie Dookhan ta yi shekaru a ɗakin gwajin miyagun ƙwayoyi na gwamnati tana ninka abokan aikinta yawan samfurin da take kammalawa. Ashe kallo kawai take yi wa da yawa daga ciki, ta rubuta sakamako. Asirinta ya tonu, aka rufe ɗakin a 2012, aka yanke mata ɗaurin shekara 3 zuwa 5 a 2013. A 2017 kotun ƙolin jihar Massachusetts, inda Boston take, ta soke hukunci sama da 21,000 da suka dogara da gwaje-gwajenta. Ramin ƙarya ƙurarre ne, amma kafin ya ƙure, mutane sun kwana a kurkuku, sun rasa aiki, wasu an kore su daga ƙasar. Masu laifi na gaske ma sun kuɓuta, tun da ba a iya raba gaskiya da ƙarya a takardunta.

Abin da ya fi ɗaga mini hankali shi ne na gaba da ita. Saurin nata ya wuce hankali, abokan aiki sun yi ƙorafi, amma aka bar ta a kan teburinta. Babban jami'i an ɗora shi ne don ya duba aikin na ƙasa da shi, ya tambaya, ya hana. Idan ya kau da kai saboda takardu na fita da wuri, zunubin har da shi.

Ɗan sanda zai matsa, mai gabatar da ƙara zai bugo waya, dangin mamaci suna jira da kuka. Duk da haka, mai amana zai ce musu: “Ban tabbatar ba tukuna, sai an sake gwaji.” Jinkirin mako guda ana iya jure shi. Shekarun da marar laifi ya yi a gidan yari kuwa, babu kotun da za ta mayar masa da su.