Hukuncin Gina Gida A Kan Ƙasar Da Aka Gurɓata

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, wani ɗan'uwa daga Tambuwal ya aiko da tambaya. Ya ce ya sayi fili a bakin gari, sai daga baya ya ji cewa a nan ne aka daɗe ana fasa tsofaffin baturan mota, ana kuma zubar da baƙin mai. Shin salla ta inganta a wurin? Ya halatta ya gina ya sa iyalinsa?

To, a wajen malamanmu na Malikiyya, ƙasar da najasa ta taɓa tana tsarkaka da kwarara mata ruwa mai yawa, kamar yadda Manzon Allah (S.A.W.) ya yi umurni a yi ranar da wani Balaraben ƙauye ya yi fitsari a masallaci. Dalmar da ke cikin batir kuwa ba najasa ba ce, ma'adini ce mai tsarki. Saboda haka salla ta inganta. Amma kada mai tambaya ya tsaya nan, domin tsarkin abu daban, amincinsa daban. Dalma guba ce, kuma ruwa ba ya gusar da ita, rana ba ta ƙone ta. Tana nan cikin ƙasa shekara da shekaru.

Mutanen Kebbe da Tambuwal ba sa bukatar a kai su nesa neman misali. A 2010 aka gano cewa yara na mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara, ƙasar da muke jiha ɗaya da ita har zuwa 1996. Masu neman zinariya sun riƙa kawo duwatsu cikin gida suna dakawa, suna niƙawa a injin, ba su san akwai dalma a ciki ba. Ƙurar ta sauka a tsakar gida, inda yaro yake rarrafe yana kai hannu baki. Yara fiye da 400 suka rasu, waɗanda suka rayu kuma da yawa gubar ta taɓa musu ƙwaƙwalwa. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Abin lura shi ne yadda aka yi gyaran. Likitoci sun ce ba amfanin ba yaro magani a mayar da shi kan ƙasar da ta cuce shi, sai an share ta tukuna. Aka bi gida gida ana kankare saman ƙasa, ana kwashewa a binne ta a rami na musamman bayan gari, a zubo sabuwa mai tsabta a shimfiɗa. Haka aka yi a Dareta da 'Yargalma da wasu ƙauyuka. Bagega kuwa ta yi ta jiran kuɗin gwamnati har 2013 kafin a share ta, alhali yaranta na kwance cikin gubar.

Wannan aiki yana da asali a Sunna. Filin da aka gina masallacin Madina a kansa wurin shanya dabino ne na wasu marayu biyu, Sahlu da Suhailu. Akwai kangaye a ciki da tsofaffin kaburburan mushrikai. Manzon Allah bai aza tubali ba sai da aka yi cinikin filin, aka tone kaburburan, aka baje kangayen, aka sare itatuwan dabinon. Wato an fara da gyaran ƙasa, sannan gini ya biyo.

Sai batun ciniki, kuma a nan ne na fi jin tsoro a kan dillalanmu. Wajibi ne mai sayarwa ya bayyana aibin da ya sani a hajarsa. Wanda ya san filinsa mafasar batir ce, ya zuba jar ƙasa ya rufe, ya yi shiru, ya yi algus, daidai da mai ɓoye jiƙaƙƙen hatsi a ƙarƙashin busasshe. Mai saye yana da zaɓin ya mayar da filin ya karɓi kuɗinsa. Mai unguwa ko dagacin da ya sa hannu a takarda alhali ya san tarihin wurin, shi ma ya shirya amsar da zai bayar gobe kiyama. Wanda ya ɓata ƙasar shi ne ya fi cancantar ɗaukar nauyin gyara ta. In ba a same shi ba, nauyin ya koma kan hukuma, domin gusar da cuta daga jama'a aikinta ne.

Ga mai tambaya: kada ka sa iyali a wurin, kada ka haƙa rijiya, kada ka shuka abin miya, sai ka kai maganar ga ma'aikatan lafiya da na muhalli sun auna ƙasar. In kuwa akwai yaran maƙwabta da ke wasa a filin, ka gaya wa iyayensu tun yau.