Gorar Lagireto da Mas'alar Fushi

A cikin watan Afrilu, sa'ad da zafin Dutse kan kai digiri 40, tafasar lagireto tana cikin larurorin da ke yawan kai tsofaffin motoci wurin bakanike a Yalwawa, har da Peugeot 504 irin wadda kamfanin Kaduna, da aka buɗe a 1975, ya daɗe yana harhaɗawa a baya. Asalin lamarin kuwa shi ne, ruwa in ya ɗauki zafi sai ya kumbura, murfin lagireto ya danne shi iyakar ƙarfin da aka ƙaddara masa, sa'an nan ya buɗe wa rarar hanya ta wani siririn tiyo. Manyan motocin Amurka masu ƙarfin inji, irin su Pontiac GTO ta 1964, a ƙasa suke zubar da wannan rara, ta yadda ruwan kan riƙa raguwa direba bai ankara ba. Daga baya aka soma ɗaura gora a gefe, a tsoma bakin tiyon har gindinta, domin ruwan ya taru a can, in inji ya huce lagireto ya zuƙe abinsa.

Wannan hikima ta dace da bayanin Imamul Gazali, wanda ya rasu a 1111, a cikin Ihya'u Ulumiddin, cewa fushi halitta ne da Allah Ya sanya wa ɗan Adam domin kare addini da mutunci, kuma abin zargi a cikinsa shi ne wuce haddi ko gazawa. Wanda ya toshe zuciyarsa ƙurum, yana zaton haƙuri ke nan, wata rana sai ta fashe masa da gaba da ƙullata. Wanda kuma ya saki harshe duk sa'ad da ransa ya ɓaci, zumunci yake zubarwa kaɗan-kaɗan har ya wayi gari ba shi da kowa. Saboda haka Sunna ta umurci mai fushi ya yi shiru, ya zauna, ya yi alwala, wato ya ba ɓacin ran masauki na ɗan lokaci har hankali ya komo.

Magabatanmu sun fahimci wannan a sha'anin aure, inda mace kan yi yaji zuwa gidan iyayenta, miji ya aika biko bayan zukata sun sanyaya. Shari'a kuma ta ajiye idda bayan saki ɗaya domin ƙofar kome ta zauna a buɗe. Abin da ke ba ni tsoro a yau shi ne magidancin da kan furta saki uku cikin tafasar zuciya, ya rushe a daƙiƙa guda abin da shari'a ta ba shi watanni ya yi tunani a kai. Wajibi ne malamai da iyaye su koya wa samari wannan jinkiri tun kafin a ɗaura musu aure.