Wace Magana Ta Cancanci A Tara Jama'a Dominta?

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, da alayensa da sahabbansa.

Duk ranar Juma'a, da wurin tafsirin azumi, da taron saukar karatu ko walimar aure, akan sami mutum guda ya miƙe yana magana, ɗaruruwan mutane kuwa sun yi tsit suna saurare. Ɗan kasuwa ya rufe rumfarsa, manomi ya ajiye fartanyarsa, leburan da cinsa na yau yake rataye da aikinsa na yau shi ma ya zo ya zauna. Idan mutum 500 suka saurari jawabi na rabin sa'a, to, sa'a 250 ke nan ta rayuwar bayin Allah aka danƙa a hannun mutum ɗaya. Saboda haka tun kafin a tambayi mai jawabi yadda ya yi magana, akwai tambayar da ta riga wannan, watau me ya sa ya zaɓi wannan batu ya bar wancan?

Mutane da yawa suna ɗaukar zaɓen batu a kan al'amarin gwaninta kawai, kamar zaɓen rigar da za a sa a fita taro. Alhali kuwa amana ce. Ma'aunin batu mai kyau shi ne bukatar waɗanda suke zaune, a wannan wuri, a wannan lokaci. Yawan karatun mai magana da daɗin muryarsa duk suna bayan wannan.

Alƙur'ani mai girma ya nuna wannan hanya cikin labarin annabawa. Dukkansu sun fara da kira zuwa kaɗaita Allah, sa'an nan kowannensu ya fuskanci cutar da ta kama mutanensa. Mutanen Madyana 'yan kasuwa ne masu tauye mudu da sikeli, shi ya sa Annabi Shu'aibu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya tsaya a kan maganar awo. Da ya shagala da laifin wata al'umma mai nisa, da ba su fusata da shi ba, da kuma ba su ji abin da ya kamata su ji ba.

Haka nan lokacin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya aiki Mu'azu ɗan Jabal zuwa Yaman a ƙarshen rayuwarsa, ya fara sanar da shi irin mutanen da zai tarar, watau ma'abuta Littafi. Bayan haka ya jera masa batutuwa daki daki: tauhidi tukuna, in sun karɓa sai salloli biyar, in sun karɓa sai zakka. Kowane ɗaya daga cikin ukun gaskiya ne kuma wajibi ne, amma kowanne da lokacinsa. Nana A'isha, Allah Ya yarda da ita, ta bayyana cewa surorin farko sun sauka ne da ambaton aljanna da wuta, sai da zukata suka natsu sa'an nan hukunce-hukunce suka zo, kuma da hana giya aka fara da shi, da mutane sun ƙi bari.

Wani misali shi ne na Ja'afaru ɗan Abu Ɗalib a gaban Najjashi, sarkin Habasha, shekaru kaɗan kafin Hijira zuwa Madina. Ƙuraishawa sun aiko Amru ɗan Asi ya nemi a mayar musu da Musulmin da suka yi gudun hijira. Rayukan mutane ke nan a kan bakin mutum guda. Da sarki ya nemi ya ji wani abu daga abin da aka saukar, Ja'afaru ya zaɓi farkon Suratu Maryam, domin ya san yana gaban Kirista ne mai girmama Annabi Isa da mahaifiyarsa. Sarki ya yi kuka, ya ƙi ba da su. Da aka sake kiransu aka tambaye su abin da suke cewa game da Annabi Isa, Ja'afaru ya faɗi aƙidar Musulunci yadda take, bai rage kome ba. Ya san ƙofar da zai shiga ta cikinta, kuma bai sayar da gaskiya don a buɗe masa ba.

A nan ne wani zai kawo suka. Zai ce idan mai jawabi yana duban masu sauraro kafin ya zaɓi batu, ashe ba zai ƙare da faɗin abin da suke so su ji ba? Wannan suka tana da ƙarfi, domin lalle akwai masu yin haka. Amma bukatar mutum dabam, son ransa dabam. Majinyaci yana son a ce masa lafiya lau yake, bukatarsa kuwa a faɗa masa cutarsa. Malamin da ya tsaya gaban masu ɓoye hatsi don ya yi tsada, ya ɗauko falalar nafilfilun dare ya yi ta bayani, bai yi ƙarya ba, amma ya ɓuya a bayan gaskiya ƙarama don ya tsere wa babba. Wanda kuma ya tara talakawa ya yi ta zagin shugabannin da ba su nan, ya ƙyale cin amanar da ake yi tsakanin maƙwabci da maƙwabci, shi ma neman kabbarar jama'a ya yi. Na farko tsoro ya zaɓa masa batu, na biyu son yabo.

Maganin waɗannan biyu yana cikin huɗubar ban kwana, wadda aka yi a Arfa a shekara ta 10 bayan Hijira, daidai da 632. A taro mafi girma na rayuwarsa, Manzon Allah ya zaɓi haramcin jini da dukiya, da soke riba, da soke ramuwar gayya ta jahiliyya, da haƙƙin mata. Kuma ribar da ya fara sokewa ita ce ta baffansa Abbas, jinin da ya fara yafewa na danginsa ne. Batun da ya taɓa gidan mai magana kafin ya taɓa gidan wasu, shi ne wanda ba a iya zarginsa da son zuciya.

A ƙasar Hausa ma akwai abin koyi. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya fara wa'azi a Ɗegel wajen shekarar 1774, yana ɗan kimanin shekara 20, ya kuma yi shekaru yana kewaya Zamfara da Kabi. Ɗansa Muhammadu Bello ya bayyana yadda wa'azinsa yake a cikin Infaƙul Maisuri. Shehu masanin ilmi mai zurfi ne, amma a gaban jama'a tushen imani da tsarki da salla da gyaran hali yake koyarwa, cikin harshen da suke ji. Ya yi raddi ga ɗaliban da suke kafirta talakawa don ba su iya kawo hujjojin ilmin tauhidi ba, ya kuma tsawata wa malaman da suke karantar da baƙi suna barin matansu da 'ya'yansu cikin jahilci. Ya dubi inda ciwon yake, can ya sa magani.

Akwai sharaɗi kuma wanda bukatar jama'a ba ta kawar da shi ba, watau iyakar sanin mai magana. An ruwaito cewa an yi wa Imamu Malik tambayoyi 48, ya ce bai sani ba a kan 32 daga cikinsu. Wanda bai ƙware a rabon gado ba kada ya miƙe ya yi lacca a kansa, ko da garin na fama da rigimar gado. Ya nemo wanda ya sani. Magana zarar bunu ce, kuskuren da aka yi a gaban mutum 500 kuwa gida 500 zai shiga, ba kuwa za a iya bin kowane gida a gyara ba.

Sa'an nan batu ya zama guda, kada a haɗa goma a zama ɗaya. Abdullahi ɗan Mas'ud ranar Alhamis kaɗai yake yi wa mutane wa'azi. Da aka roƙe shi ya riƙa yi kullum, ya ƙi, don gudun kada su ƙosa, ya ce haka Manzon Allah yake duban lokacin da ya dace da su. Mutumin da ya tashi daga taro da nasiha guda wadda zai yi aiki da ita kafin ya kwanta, ya fi wanda ya ji ashirin ya manta da su a bakin ƙofa.

Saboda haka ya kamata duk wanda aka ba dama ya yi jawabi ya keɓe tukuna ya tambayi kansa: su wane ne za su zauna a gabansa, me ke damunsu a wannan mako, ya san batun kuwa, kuma da ba mai yaba masa, zai zaɓe shi? Ba a fafe gora ranar tafiya. Za a tambaye shi abin da ya faɗa, za a kuma tambaye shi abin da ya gani ya kau da kai. Allah Ya sa a dace, amin.