Amanar mai gyara

Masu iya magana sun ce yabon gwani ya zama dole. To, idan gwanin ya kwanta dama tun shekara ɗari, aikinsa na nan amma sunansa ya ɓata, wa za a yaba? Wannan tambaya takan tari duk wanda ya ɗauki tsohon kaya domin ya gyara, kuma ta fito fili sosai a wurin masu gyaran tsoffin teburan wasan nan da Faransawa ke kira billard. Kunnen Bahaushe yakan ji sunan kamar "biyar", alhali a irin wasan Faransa ƙwallo uku ne rak, biyu farare ɗaya ja, ana tunkuɗa su da doguwar sanda bisa tebur marar rami.

A ƙaddara wani kafinta a Faransa ya sayi irin wannan tebur a wani tsohon gidan shan kofi da aka rufe. Asu ya cinye koren ƙyallen ulun da ke shimfiɗe a kansa, robar gefe ta bushe ta daina mayar da ƙwallo, ƙwari sun huda ƙafafu. Da ya yaye ƙyallen sai ya iske fallayen dutsen ardwaz guda uku, dutsen nan da ake yi wa ƴan makaranta allo da shi a da, kowane falle sai ƙarti sun taru kafin su ɗaga shi. Aikinsa shi ne ya kwance komi, ya magance ƙwarin, ya mayar da duwatsun ya daidaita su har ƙwallo ya tsaya cik inda aka ajiye shi, sa'an nan ya sa sabuwar roba da sabon ƙyalle.

Yana cikin aikin nan ne son sanin wanda ya ƙera teburin zai kama shi. Manyan gidajen wannan sana'a, kamar Toulet da aka kafa a 1857 da Chevillotte na 1860, sukan kafa ɗan faifan tagulla mai sunansu a jikin katako. Sai dai faifan ba kullum ne yake shaidar gaskiya ba, domin dillalai da masu sauya roba sun sha cire na asali su sa nasu. Tilas mai bincike ya tambayi teburin kansa: lambobin da aka buga a katako, alamun da aka zana da kurfi domin a san wace gaɓa ke shiga wace, rubutun fensir a bayan dutse. Kayan aikin ma suna faɗin zamaninsu. An san John Thurston na birnin London da shigo da shimfiɗar ardwaz a 1826, kafin nan katako ne. Charles Goodyear ya yi rajistar dabarar dafa roba da farar wuta a 1844, Thurston kuma ya yi rajistar amfani da ita a gefen tebur a 1845. Da irin waɗannan shekaru ake sanin iyakar tsufan tebur.

Sau da yawa sawun yakan ɓace ba a kai ga suna ba. A nan jarrabawar take. Ana samun tsoffin faifan tagulla a kasuwar gwanjo, kuma ƙusa biyu sun isa su mai da tebur marar asali ɗan babban gida, farashinsa ya haura. Zuciya za ta raya wa kafinta cewa matacce ba ya kai ƙara. Amma mutum huɗu zai cuta: mai saye, da gidan da aka jingina wa aikin da bai yi ba, da gwanin da aka ƙwace wa guminsa aka ba wani, da mai binciken da zai zo bayansa ya gina iliminsa kan ƙarya. An ce ramin ƙarya ƙurarre ne, amma ƙaryar da aka zana a tagulla tana iya daɗewa fiye da wanda ya yi ta. Yarjejeniyar Venise ta 1964 kan gyaran gine-ginen tarihi ta ɗora ƙa'idoji biyu da suka dace da tebur ma: gyara ya tsaya inda zato ya fara, kuma abin da aka ƙara ya zamana ana iya bambanta shi da na asali.

Wani zai ce: bayan an sauya ƙyalle da roba da rabin ƙafa, ina ma teburin marigayin yake? Plutarque, marubucin Girka, ya ba da labarin jirgin ruwan Thésée da mutanen Atina suka yi ta sauya wa katako ɗaya bayan ɗaya, har masana suka yi gardama ko shi ne ko wani. Wanda ya girma a ɗakin ƙasa ba zai sha wuyar amsawa ba. Ana sake jinka, ana sake yaɓe, ba wanda ya taɓa cewa ɗakin kaka ya zama na wani. Maƙerin tebur ya san ƙyalle zai mutu, roba za ta bushe, ya kuma yi aikinsa yadda za a iya kwance su. Wanda ya sauya su nufinsa ya cika. Cin amana yana farawa ne inda aka rage tsawon tebur domin ya shiga falo, ko aka goge alamun hannunsa domin katako ya yi ƙyalli.

Ko da an dace da suna na gaskiya, sunan kamfani ne. Bayansa akwai masu fasa dutse a ƙasar Wales ko a tsaunukan Liguriya ta Italiya, da masaƙan ulu na Verviers a Beljiyam, da masu saran itace da babu littafin da ya riƙe su. Akwai kuma giwa. A ƙarni na 19 da haure ake yin ƙwallayen, daga tsakiyarsa, haure guda kuwa ƴan kaɗan yake bayarwa. A zamanin nan ayarin da ke bi ta Damagaram zuwa Tarabulus yana ɗauke da haure da gashin jimina da fatu, kaɗan daga cikin abin da Afirka ta zuba wa kasuwannin Turai. Neman madadin haure ne ya kai Ba'amurke John Wesley Hyatt ga haɗa seluloyid wajen 1869, amma sai a 1989 aka hana cinikin haure tsakanin ƙasashe. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, faifan tagulla kuwa hannu ɗaya kaɗai yake ambata.

Saboda haka kafinta mai amana, idan ya iske ƙwallayen haure da suka yi rawaya, yakan adana su tare da teburin, ya sa na roba a yi wasa da su. Kafin ya shimfiɗa sabon ƙyalle, sai ya ɗauki fensir ya rubuta a bayan dutse shekarar gyara, da abin da ya sauya, da abin da ya tarar. Gurbin sunan maƙeri kuwa ya bar shi fili. Wata rana wani zai sake yaye ƙyallen, ya iske shaidar da zai iya dogara da ita, wataƙila ma shi ya cike gurbin.