Wa ya koya mana jin kunyar laka?

Da zarar mutum ya samu abin hannu a Yamai ko Maraɗi, sai ya rushe ɗakin laka, ya zuba siminti, ya rufe da kwano. Ba sanyi yake nema ba, domin kowa ya san azabar kwano a watan Afrilu. Mutunci yake saye, sau da yawa da bashi. To, mutuncin da ke hana barci, mutunci ne?

A shekarar 2016, Mariam Issufu Kamara da abokan aikinta sun kammala gidaje 6 a unguwar Niamey 2000, da tubalin ƙasa wanda inji ya matse. Benaye ne manne da juna, irin zaman Birnin Damagaram, kowane da tsakar gidansa. Ƙaramin fili ya ɗauki iyalai da yawa, zafi ya ragu, sirrin gida bai tonu ba.

Gaskiya ne laka tana tsoron ruwa: daminar 2024 ta kayar da tsohon masallacin Damagaram. Amma maganin wannan shi ne tushe mai ƙarfi, indararo da yaɓe a kan kari, ba raini ba.

Muddin muna kiran laka talauci, magina za su guje ta, haya ta yi tsada, talaka kuma ya koma bakin kwari, inda ambaliya ke jiran sa.